Kindirmo a Murfin Baƙin Mai

Al Karama, Dubai.

Zuwa ga Kawu Safiyanu, a Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna Balki da duk mutanen gida. Allah Ya ƙara nisan kwana, Ya sassauta ciwon gwiwar da aka ce yana damun ka. Na ji Aïchatou ta sauka lafiya, Allah Ya raya, Ya sa mahaddaci ne. Ni ma lafiya lau, sai godiya.

Kawu, wani abu ne ya kusa raba ni da aikina, kuma tunda kai ka fara ɗora hannuna a kan sitiyari, ba ni da wanda zan kai wa labarin sai kai. Ka san aikina kula da tsofaffin motocin wani Balarabe ne, a wani babban sito da ke Dubai Investments Park. A cikinsu akwai wata koriya ta marigayi mahaifinsa, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Tun ranar da na kama aiki ya gargaɗe ni cewa wannan ko ƙofar sito kada ta leƙa. Ni kuwa da karatunka na zo, cewa direban kirki ba ya barin rana ta fito bai ɗuma motarsa ba. Kullum da safe sai in tayar da ita, in bar ta ta ɗan yi gurnani, in kashe, in goge ta, ina jin kaina kamar na yi wata nafila.

To, kada ka yi dariya, garin nan ma yana da nasa sanyin. Hazo ne mai laima yake tasowa daga teku da asuba, ka taɓa ƙarfe ka ji shi jiƙe. Ana cikin wannan yanayi wata safiya na buɗe murfin baƙin mai, sai na ga wani abu fari-fari ya manne a cikinsa kamar kindirmo. Na shafa, na sansana, na rasa gane kansa. Da na nuna wa mai gida, nan take fuskarsa ta canja. Ya ce ruwa ne ya shiga inji, kuma ruwa ba shi da ƙafa: ko dai wajen wanki na yi ganganci, ko na saci jiki na fita da ita har ta yi zafi gasket, abin da ke raba ruwa da mai a inji, ya ƙone. Ya ce in ta tabbata haka ne, khalas, wato shi ke nan, in haɗa kayana. Ka san a nan aiki da visa tare suke tafiya. Wallahi na tsorata, Kawu. Amma ko a cikin tsoron, abin da ya fi cin raina shi ne tambayar kanta: motar da ko yayyafi bai taɓa ta ba, ina ta samo ruwa? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Aka kira wani bakanike ɗan Pakistan, Mubashir, dattijo mai yawan shiru. Ya duba lagireto ya tarar ruwansa bai ragu ba, ke nan ba daga nan ruwan ya shiga inji ba. Sai ya tambaye ni yadda nake yi da ita kullum, na zayyana masa ina ƙoƙarin kare kaina. Ashe bakina ne ya kama ni. Ya ce duk injin da ya ƙona fetur yana fitar da tururi, in ƙarfe na da sanyi sai tururin ya zama raɓa a ciki, kamar yadda murfin tukunya ke zufa. In mota ta yi doguwar tafiya, mai ya yi zafi sosai, ruwan zai ƙone ya fice. Ni kuwa kullum ina kashe ta daidai lokacin da ta gama tara raɓar. Na yi ta juya maganar har na gano inda na ɓata: kai kana ɗuma babbar motarka ne ka kama hanyar Agadas, ni kuwa na ɗauko rabin karatu na baro rabi a gida.

Mai gida bai gamsu ba, domin maganin da aka faɗa, wato doguwar tafiya, shi ne abin da ya haramta. Daga ƙarshe ya yarda a juye mai, a fita da ita hanyar Al Ain, shi da kansa a gefena, in kindirmon ya dawo in san inda dare ya yi mini. Na kama sitiyari muka hau hanya. Da farko tana tari tana jan ƙafa, can da muka yi nisa sai muryarta ta washe, sai ka ce ba ita ba. Mai gida kuwa yana ta shafa fatar kujera. Da ya buɗe baki, cewa ya yi mahaifinsa bai taɓa barin motar nan ta wuni a tsaye ba, shi ɗan ne ya kulle ta yana zaton girmama marigayin yake yi. Na ga ya juya fuska wajen taga, ni ma na kafa ido a kan kwalta.

Bayan wasu kwanaki muka sake fita, muka dawo, ya buɗe murfin da hannunsa. A bushe yake tas. Bai ba ni haƙuri ba, manya ba su saba ba. Makullin kawai ya sa mini a tafin hannu, ya ce duk Juma'a in zo in ɗauke shi da ita.

Yanzu Kawu ina da tambaya. A zamaninku kun taɓa ganin irin wannan a motocin da suka daɗe a garaji? Me kuke kiran sa? Don Allah ka sa Faizal ya rubuto mini amsarka, kada ya rage komai.

Ka gaishe mini da Inna Balki, da Aïchatou da jaririnta, da Gwaggo Ummulkhair, da Faizal. Ku ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanka mai biyayya,
Oumarou.