Faɗan tsohuwar Rasha

Gaya, daren Laraba, 12 ga Nuwamba

Alhamdu lillahi, Hadizata ta kira ni ta bidiyo. Kwana huɗu ban yi barcin kirki ba tun da ta sauka Rasha karatu.

Ashe unguwar da na zauna zamanin Sobiyet aka kai ta. Da gonakin dankali ne, aka jera wa ma'aikatan masana'antu benaye iri ɗaya sak, har na taɓa zura makullina a ƙofar wani. Ta juya mini wayar, na ga itatuwan da na bari kamar sanduna sun wuce hawa na biyar.

Abin da nake tsoro shi ta yi. Ta bi maƙwabta ƙofa ƙofa da kilishi tana sallama, kamar a Gaya. Ba wanda ya buɗe. Ta sha kuka.

Sai ta ce, "Amma Baba, yau wata tsohuwa ta balbale ni da faɗa, wai ban sa hular sanyi ba. Ta cire tata ta cusa mini."

Na yi dariya har uwarta ta hasala. Ba ta san mutanen can ba, nasu kawai suke yi wa faɗa. Ni sai da na shekara a can kafin in samu mai yi mini irin wannan faɗan.