Gangaren da Na Rufe

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa daga duwatsun Tirol. Yaya gwiwarka? Yaya Inna da Gwaggo Nazarbegim? An buɗe hanyar Bartang, ko har yanzu ƙanƙara na kwance a kanta?

Ni lafiya lau, sai yatsu biyu da sanyi ya ɗan taɓa. Ba sai Inna ta ji ba.

Aikina yana nan: kullum da safe in haƙa rami a dusar ƙanƙara, in duba ko za ta zaftaro. Shekaranjiya na tarar samanta ya jiƙe, ƙasanta ya koma kamar sukari, babu abin da ke riƙe ta. Na rufe gangaren dutsen, na hana kowa bi. Maigidanmu Pichler kuwa yana da baƙi masu son wasan zamiya a kan ƙanƙarar da tsakar rana. Ya ce, “Shahnoz, shekara talatin ina hawan dutsen nan.” Na ce, “Ranka ya daɗe, dutsen bai ƙirga ba.”

Ya kawo takarda in sa hannu cewa babu haɗari, ya ce nan da Litinin, ko in tattara kayana. Ƙanƙarar ba ta zaftaro ba tukuna, don haka ni ce mahaukaciyar gari.

Kai ka koya mini ba a ƙetare gangare bayan rana ta dafa shi. Jami'a sunayen abubuwan kawai ta ƙara mini. Ba zan sa hannu ba.

Kada ka aiko da busassun 'ya'yan itacen tut ɗin nan tukuna. Wataƙila in zo in ci su a gida.

Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka,
Shahnoz