Sandar da Na Yi wa Walda

Daren Laraba, Maris 2014, unguwar Shifa

Yau na sha kunya. Kafilina, Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya kawo ɗan jirgin ruwansa mai tafiya da iska, ya ce in duba ƙarfen da ya haɗa sandar kwance da ta tsaye, masu riƙe ƙyallen da iska ke turawa. Na ga ta kwancen tana lilo, sai na ɗirka mata walda. Da ya dawo ya dafe kai: "Ya Sani, haram alaik! In ba ta juyawa, iska kifar da mu za ta yi!"

Ni ɗan Maraɗi, ina na san teku? A wurinmu ƙarfe in yana motsi, ya lalace ne.

Gobe zan yanke waldar, in gyara da hannuna. Juma'a ƙafata ƙafarsa har bakin teku a Dammam. Sai na ga juyawarta da idona.