Gangar da Ba Ta Yi Ƙara Ba

Yaya Rima,

Gaisuwa daga Alƙahira. Ya mutanen Amman, ya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, barcin ne dai sai a hankali.

Yaya, bari in faɗa miki gaskiya. Wasan da kuka ga ƙungiyarmu ta yi a talabijin, wallahi ba kiɗanmu ba ne! Mai shirin ya zare wayar kowace jita, ya shimfiɗa roba a kan gangunana, ya kunna abin da wasu suka buga. Wai, "Samari, ku dai ku yi ta girgiza gashi."

Jiya Baba ya kira yana kuka, wai ko idonsa a rufe zai gane hannun ɗansa.

Ki aiko min da za'atar, garin ƙamshin nan da muke ci da burodi. Don Allah kada ki faɗa masa.

Ƙaninki,
Yazan