Soson da Aka Cire Daga Rediyon Garinmu

Zuwa ga Shugaban sashen da ke raba akwatunan rediyo ga ƙauyuka, Kaduna.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni tsohon malamin makaranta ne a Tsohon Birnin Gwari. Na yi makarantar Midil tun Turawa na nan, na koyar har idona ya fara raunana. Na rubuto maka sau biyu a rufe, shiru. Ga ta uku a buɗe, kowa ya karanta.

Na ɗaya. Da daminar bara aka aiko wa garinmu akwatin rediyo don manoma su riƙa jin shirin noma da labaru. Ni aka damƙa wa, wai ni ne mai karanta takardar Turanci da ke ciki. Na buɗe kwalin a gaban Sarkin Noma da dattawa. Akwatin na zaune tsirara a ciki, babu ko tsumma, yana kai da komowa. Na sa batir, na ɗaga eriya, na murɗa. Ko tari bai yi ba. Da na jijjiga shi sai na ji wani abu na ƙara a cikinsa kamar tsakuwa a gwangwani.

Na biyu. Bayan wata guda akawunka ya aiko da takarda cewa akwatin lafiya ya bar sito, mai riƙonsa ne ya lalata shi da ƙarambani. An karanta wannan a ƙofar Dagaci. Yaran da na koya wa baƙi da wasali, waɗanda yanzu magidanta ne, suna tsaye suna ji. Tun ranar, in na wuce kasuwa sai a ce ga Malam Injiniya nan. Har Fulanin da ke kawo mana nono sun ji.

Na uku. Takardar masana'anta ta faɗa ƙarara, da hoto, cewa an yanka wa kowane akwati sosonsa daidai jikinsa, da robobi huɗu masu riƙe kusurwoyinsa, kada a raba su sai an isa. Bayan girbi na naɗe akwatin a babbar rigata, na rungume shi a cinya, na hau mota zuwa Kaduna. Ka san hanyar nan ta daji, gargadarta na kwance wa mutum haƙori, balle wayar cikin rediyo siririya kamar gashi.

A sitonku aka karɓe ni da mutunci, aka ba ni benci, har da abin shimfiɗa mai laushi. Ina zama sai na ji rami a ƙarƙashina. Na tashi na duba. Soso ne, da rami mai kusurwa huɗu, har da gurbin maɓallan murɗawa. Na kwance rigata, na sa akwatin a ramin. Ya zauna daram, ko allura ba ta shiga tsakani. Lambar da ke bayansa ita ce a gefen soson. Innalillahi! Wata biyar ana zagina, ashe shaidata na nan ana zaune a kanta. Robobin kuwa, na gan su an buga su a ƙafafun teburin mai sito don kada ya yi rawa.

Abin da ya fi kashe mini jiki, babu wanda ya ji kunya. Mai sito ya yi mini bayani a natse, kamar yana koya wa baƙauye, cewa tun zamanin Turawa kwali da buhu da igiya rabon ma'aikata ne. Haka ne, na sani, amma bayan an sauke kaya. Su sai suka ɗebi rabonsu tun kaya ba su tashi ba. Na waiga na ga irin soson a kan kowace kujera, wani ma a sirdin keken masinja. Kowanne ƙauye ne da aka ce mai riƙon rediyonsa ya yi ƙarambani. Wannan ne mulkin kan da muka rera wa waƙa da 'yan makaranta?

Roƙona kaɗan ne. A rubuto takarda ta wanke ni, a karanta ta a ƙofar Dagaci ranar kasuwa, inda aka karanta ta farko. A aiko wa manomanmu wani akwatin cikin sosonsa da robobinsa kafin shuka. A kuma bi sauran ƙauyukan, don na san akwai tsofaffi irina da ke yawo kai a sunkuye.

Soson yana wurina. Na ɗauko shi a gaban idonsu. In sata ce a aiko ɗan doka, zai same ni a zaure, akwatin na kwance a gurbinsa kamar yadda masana'anta ta nufa, sai dai ya makara.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon duba abin da kake zaune a kai.

Wassalam.

Malam Habu Ɗanjuma,
Tsohon Birnin Gwari.