Ƙasar da Ba a Dafa Ba

Zuwa ga Maigidana, Baban 'yan biyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya zaman baƙunta, ya kuma ciwon bayan nan da ba ka son a ambata? Mu nan lafiya lau. 'Yan biyu suna gaishe ka. Ƙafar Innarka ta yi sauƙi har ta koma faɗan da ta saba, ka san kuwa alamar samun lafiya ke nan.

Kada ka yi mamakin ganin takarda alhali muna waya. Duk sanda ka kira, Inna tana liƙe da ni kamar ita aka kira, maganar kuwa ta Yayanka ce. Shi ya sa na rubuta na ba direban da ke kai muku kaya.

Tumatirin Yaya ba shi da lafiya. Da rana tsaka sai ganye ya langaɓe, da yamma ya ɗan miƙe, bayan kwana kaɗan ya kwanta gaba ɗaya, kuma kore shar. Yaya ya ce ƙishi ne, ya yi ta ɗura masa ruwa har gonar ta koma taɓo. Ni hankalina bai kwanta ba, na roƙi malamar gona ta leƙo. Ta yanko kara ɗaya, ta tsoma bakin yankan a kofin gilashi mai ruwa garau, ta ce mu zuba ido. Wallahi Maigida, muna kallo wani farin abu ya fara zarara daga karan kamar zaren madara. Ta ce bakteriya ce, ƙananan halittu da ido ba ya gani. Suna shiga ta inda saiwa ta ji rauni, su hayayyafa a hanyar da ruwa ke bi ya hau kara, su toshe ta, shuka tana tsaye cikin ruwa ƙishi ya kashe ta. Babu feshin da ke maganinsu, suna zama a ƙasa shekara da shekaru, suna bin ruwa da fartanya da takalmi. Shawararta a tuge a ƙone, a sa masara a wurin.

Yaya ya yi dariya, ya ce gonar da babanku ya noma tun ba a haifi malamar ba, ba za a guje ta don kofin ruwa ɗaya ba. Washegari ya dawo daga shagon magani da kwalabe cike da hannu.

Gonarsa ce, ban hana shi ba. Tsorona rumfata ta renon dashe. Ka san ba don sha'awa nake cika rabin duro da ƙasa in hura mata wuta kafin in zuba iri ba, har danginku suka laƙaba mini Mai-dafa-ƙasa. Malamar ta ce wutar tana kashe har bakteriya masu amfani, irin waɗanda ke yin ƙulalai a saiwar wake suna ciyar da shi, amma jaririn tsiro gara ya fara rayuwa a ƙasa mai tsabta. Shi ya sa kuma na ajiye kwanon ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta a ƙofar rumfa don kowa ya taka, kai kaɗai nake bari ka tsallake. Manoma suna zuwa wurina ne don dashena ba ya ba su kunya, kuma ba ni da abin da ya wuce wannan sunan. Don Allah ka lallashi Yaya ya nisanta fartanyarsa da ƙasarsa daga rumfar. Daga bakinka zai fi ji.

Ka kula mini da kanka, ka daina kwana da yunwa.

Matarka mai begenka,
Mai-dafa-ƙasa


Zuwa ga Maigidana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke. Na gode da addu'a, jikin Mamata da sauƙi, an sallame ta daga asibiti, ni ma na dawo gida.

Yau dai sai na nemi gafarar Yaya a zuciyata. Ka tuna na tafi jinyar Mama a guje, na bar tirorin dashe, farantan nan da nake zuba iri, babu komai ciki, ga lokacin shuka ya matso. Ina asibiti ina lissafin na rasa bana. Ina dawowa na tarar an cika su tas, an zuba iri, har ya tsiro. Inna ta ce Yaya ne ya tsaya a kai da kansa. Na tambaya ko an dafa ƙasar, ta ce an yi duk abin da nake yi, in daina tuhumar mutane kamar ɗan sanda. Tulin itacena yana nan yadda na bar shi, ashe har nasa itacen ya kawo bai taɓa nawa ba. Na je har ɗaki na durƙusa na yi masa godiya, ya ce ai yi wa kai ne.

Dashen ya yi kyau, Maigida, kara kauri, ganye kamar an shafa mai. Sanyin nan ya karɓe shi. Rabin dashen an riga an saye. Tsohuwar nan mai lambun bakin titi, wadda muke ce wa Gwaggo, ita ta fi kowa ɗiba. Ta ce bana tumatir za ta sa a lambun kaf, tunda da shi take riƙon jikokinta, kuma dashen 'yarta Mai-dafa-ƙasa ko ido rufe za ta karɓa. Na ji daɗi har na rasa inda zan sa kaina.

Na san sa bakinka ne ya sauko da Yaya. Allah Ya bar zumunci, Ya dawo mana da kai lafiya.

Taka har kullum,
Maman 'yan biyu


Maigida,

Ina gaisuwa. Ina fata kana lafiya. Yara lafiya, Inna lafiya. Ni ce dai ba lafiya ba, ko da yake jikina ƙalau.

Zafi ya shigo, dashena ya fara kwanciya a gonakin mutane. Gwaggo ce ta fara zuwa, da tumatir ɗaya tuge a hannu, ya fara fure, kore shar, a langaɓe. Ba ta zage ni ba, ina ma ta zage ni. Ta ce dai in duba mata ko ruwa ne ya yi masa kaɗan. Na ɗauko kofi, na yanka karan na tsoma. Farin zaren nan ya sauko. Malamar gona ta ce haka abin yake, a sanyi yana laɓewa cikin tsiro ba alama, sai rana ta buɗe ya nuna kansa.

Daga nan na nufi bayan rumfa na duba duro. Gizo-gizo ya yi saƙa a ciki, murhun ko sabuwar toka babu. Itacen da na yi ta yabon Yaya a kansa, ashe ba a hura wuta ba ne sam. Na same shi a gona, bai ma musa ba. Ya ce ƙasar gonarsa ya ɗebo, daga inda ta fi baƙi da taki, don dafa ƙasa ɓata itace ne da iyayi. Ya ce alheri ya yi mini, idan sakayyar ke nan ya gode. Wato daga wurin da malamar ta ce ko takalmi kada ya fito da ita, daga nan aka kwaso aka cika mini tirori, ni kuma na raba wa bayin Allah da hannuna ina murmushi.

Abin da ya fi ci mini rai, ba dashen bana kaɗai manoman suka rasa ba. Cutar ta sauka a ƙasarsu. Wanda bai sani ba zai sake sa tumatir ko barkono baɗi ya sake kwana a ciki, ruwansa kuma ya gangara gonar maƙwabci.

Inna ta kira ni ɗaki ta ce in ce irin da na saya ne ba shi da kyau, a rufa wa ɗanta asiri, babba ne a gari. Ta ce ni mace ce, magana za ta bi ta kaina ta wuce. Idan na ce iri ne, Maigida, ba wanda zai ji tsoron ƙasarsa, kuma ƙasar ce abin tsoro. Na ce mata sai na ji daga gare ka. Na tabbata ba za ka so a yi wa Gwaggo ƙarya ba, ita da ke aiko maka da kayan lambu duk sanda ka zo hutu.

Ina jiran amsarka, kada ka bar ni ni kaɗai a tsakiyarsu.

Matarka


Zuwa ga Baban 'yan biyu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Yara suna gaishe ka.

Amsarka ta iso. Na karanta inda ka ce in yi haƙuri, Yaya uba ne, in bi maganar Inna. Ban bi ba. Na ɗauki malamar gona muka bi gona-gona, duk wanda ya sayi dashen nan na gaya masa daga inda ƙasar ta fito da abin da ke cikinta. Wasu sun zage ni, wani ya rufe mini ƙofa. Gwaggo ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta tambayi malamar shekara nawa za ta yi ba ta sa tumatir ba. Da ta ji amsa sai ta juya tana kallon jikokinta. Mu muka taya ta tugewa, ita ta ƙyasta ashana da kanta. Da zan tafi ta ce in gaida gida, ba ta ce 'yata ba.

Na dawo na ƙone sauran dashen, na wanke tirori da bilic har fatar hannuna ta saɓule. Yanzu idan na bi ta kasuwa ina jin ana cewa ga Mai-dafa-ƙasa, da dariyar da ba irin ta da ba.

Yaya ya zo tsakar gida yana huci, ya ce na tona masa asiri. Cikin faɗan ne ya faɗi abin da ya sa na ɗauki biro. Ya ce shi bai taɓa tirorina ba sai da ya kira ka, kuma kai ka ce ya ɗebo ta gonarsa ya zuba, ƙasa ai ƙasa ce, kada dai a gaya mini don zan yi ta surutu. Na ce ƙarya yake yi. Na kira ka a gabansa na tambaye ka, sai ka ce ba ka ji sosai, layi ba kyau. Ni kuwa ina jin numfashinka sarai.

Wasiƙata ta farko tana hannunka a lokacin. Na ba ka labarin kofin, na ba ka labarin zaren, na roƙe ka. Da na rubuto ina gode maka cewa kai ka sauko da Yaya, ka karanta ka ninke ka ajiye. Yaya bai yarda da abin da ido ba ya gani ba, wannan jahilci ne, ina iya yafe shi wata rana. Kai ka sani, surutuna ne kawai ya fi damunka a kan lambun Gwaggo. Raina ya ɓaci, Maigida, ɓacin da ban san ranar wucewarsa ba.

Na so in saka maka guntun karan a cikin ambulan ka tsoma a kofi ka gani da idonka. Na fasa, don akwai gonakin mutane a inda kake, kuma na gaji da kai cuta gidan da ba ruwansa.

Gobe zan hura wuta a ƙarƙashin duro. Ban san ko akwai mai sake sayen dashena ba. Tiren farko na Gwaggo ne in ta karɓa, na kabeji, don malamar ta ce shi cutar ba ta kama shi. Idan ka zo hutu za ka tarar da abincinka da ruwan wankanka kamar kullum. Amma in za ka shigo rumfata, kwanon bilic yana bakin ƙofa, ka taka shi kamar kowa.

Ka huta lafiya.

Mai-dafa-ƙasa