Ranar Kabalu, Ranar Sadalu

Dakoro, bazarar 1956

Zuwa ga Habi,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi, ina gaida Inna Lalla da kike zaune wurinta, da mutanen Sabon Maci. Ni lafiya lau, sai kewar furarki. Wadda ake sayarwa a bariki, ko jaki sai ya yi shawara kafin ya sa baki.

Gobe za mu tafi garinku, Rijiyar Agali, ni da yarana gardi, dakarun Nasara da nake yi wa birgaje, wato shugaba. Kin san gardamar masallaci, tsakanin masu kabalu da ke ɗora hannu a ƙirji da masu sadalu irin su Baba mahaifinki, masu sakin hannu. Cacar baki ce, ana yi ana cin tuwo a akushi ɗaya. Maigari ne ya kawo ƙara, ya zuba mata gishiri. Sabon kumandan kuwa, Banasaren da ko sunan garin bai iya faɗa ba, ya yanke a raba musu rijiya: yau masu kabalu su ja ruwa, gobe masu sadalu.

Na ga irin wannan a ƙasar Sham ina soja. Nasara suka zo rabon faɗa, suka fara da tambayar kowa ɓangarensa, har wanda bai san yana da ɓangare ba ya samu. Muddin muna tsaye da bindiga za a yi tsit, ran da muka juya baya wuta za ta tashi. Kumandan ya tambayi ra'ayina a biro, ofishinsa. Na dubi galon muƙami da ke kafaɗata, na sara masa, na ce dabara ce mai kyau. Tun lokacin nake jin kunyar kaina.

Ki kula da kanki, ki bar ɗaukar tulu.

Mijinki,
Birgaje Mamani

Rijiyar Agali

Zuwa ga Habi,

Ina gaishe ki, ina tambayar nauyin jiki da ƙafafun da kika ce suna kumbura. Baba yana lafiya, yana sa miki albarka. Ke ɗiyar liman ce, kin iya karatu, to ki karanta wannan ke kaɗai.

Kafin a raba rijiya sai an san wane ne wane, kuma aikin a kaina ya faɗo. Na shiga sahun baya a sallar azahar, na yi kabbara, bakina na Fatiha idona na kan hannuwan mutane. Allah ya yafe mini wannan salla. A ƙarshen sahu na ga yayanki Na'Allah da hannu a ƙirji. Ashe tun dawowarsa daga fataucin Kano yake haka, yana raɓewa a gefe don kada ya kunyata Baba. Baba kuwa yana gaba yana limanci, ya ba kowa baya, bai gani ba ko bai so ya gani ba.

Da na yi shiru da shi ke nan. Sai wayo ya ɗebe ni. Na ce in uba yana ranar sadalu, ɗa yana ranar kabalu, ai shanun gidanku kullum za su sha. Na raɗa wa maigari sunansa ina ganin alheri na yi wa surukaina, ni da na zo da wa'azin Sham a cikina.

Yanzu maganar gari ita ce gidan liman na sha sau biyu. Masu sadalu sun matsa wa Baba ya zaɓi limanci ko ɗansa, masu kabalu suna kiran Na'Allah ɗan leƙen asiri. Ya kwashe kayansa ya koma bukka bayan danga. Maigari yana karɓar rago daga kowane ɓangare yana cewa za a duba, kumandan kuma ya tafi konje, wato hutu, ƙasarsu. Baba bai san bakin da ya fallasa ɗansa ba. Kullum kuwa tuwonsa nake ci.

Ki yi mana addu'a.

Naki,
Mamani

Dakoro

Habi,

Ina gaishe ki gaisuwar ta'aziyya. Na san labari ya riga takardata, amma ina so ki ji yadda aka yi daga wanda ya jawo shi.

An kira duk gardi Maradi don tarbar gwamna. Wannan karon na buɗe baki, na gaya wa mataimakin kumandan cewa in muka tashi za a zubar da jini. Ya yi dariya, ya ce a wanke raƙuma su yi kyau. Muka tafi muka jeru a rana muna sara wa mota.

Bayanmu, ranar kabalu, Na'Allah ya koro shanun Baba bakin rijiya kamar kullum. Mutanensa suka ce shanun sadalu ba su sha ranarsu. Masu sadalu suka ji hayaniya suka fito da sanduna. Shi yana tsakiya da igiyar guga a hannu, yana ba kowa haƙuri. Har yau ba wanda ya san sandar wa ta same shi.

Na iso ana shirin sutura. Masu sadalu suka ce ba nasu ba ne, masu kabalu ma haka. Baba ya tsaya gaba a sallar jana'iza, bayansa ni da wani Bafillace mai wucewa, mu kaɗai. Da muka rufe kabari ya kama hannuna, ya gode mini, ya sa mini albarka, ya ce yanzu ni ne ɗan da ya rage masa. Habi, na so ƙasa ta tsage. Na ce masa amin.

Ban iya gaya masa ba. Ke kaɗai kika sani, kuma ban roƙe ki ki rufa mini asiri ba. Ran kasuwa ina zuwa Sabon Maci. Zan yi sallama in tsaya a ƙofar gida, in ba ki fito ba, ba zan ga laifinki ba.

Allah ya jiƙan Na'Allah, ya sauke ki lafiya.

Ni ne,
Mamani